Yaro Ta Taga, Uwa Ta Ƙofa

Kuna ba ni dariya, ku yaran yanzu. Kun ji a rediyo wai za a zuba kuɗi a dawo da jirgin ƙasa na fasinja, sai murna, har wani a cikinku yana cewa in ya rasa aiki ko dako ne sai ya yi a tasha, ai ɗaukar kaya ne kawai. Kawai! Kai da buhun masara ɗaya ke sa ka kwana kana shafa man zafi. A cikinku wa ya taɓa shiga jirgi, in ba gani a waya ba? To ku gyara zama. Ni Dogara na yi dako a tashar jirgin Kafanchan tun bayan yaƙin basasa har wajen ƙarshen shekarun saba'in, a hannun Baba Yashim, kuma ɗaukar kaya shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Aikinmu shi ne mu sa mutum a cikin jirgin da ya riga ya cika.

Ku fahimci Kafanchan tukuna. Mahaɗa ce. Jirgin da ya taso daga Jos ko Kaduna zai gangara kudu nan yake biyowa, na kudu ma nan yake hawowa. Amma ba daga nan yake tashi ba, don haka a cike yake iso mana, musamman taragon talakawa mai bencin katako: mutum kan mutum, kaji a ƙarƙashin benci, wani yana barci a tsaye. Tikiti kuwa izinin gwada sa'a ne kurum. Wanda zai sa ka ciki shi ne ɗan dako, kuma a 'yan dakon tashar nan kaf babu kamar Baba Yashim. Gajere ne, wuyansa ya kusa kai kaurin cinyata, dattijo ne kuma a majami'armu. Abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: tun da ya fara aiki, bai taɓa karɓar kayan mutum jirgi ya tashi ya bar mutumin a ƙasa ba. Daga ƙauyuka ake zuwa da sunansa a baki. Wannan suna shi ne gonarsa, a inuwarsa kuma nake cin abinci.

Kayan da na fara ɗauka dutsen niƙa ne, na wata tsohuwa da za ta je wurin ɗanta a Makurdi, wai dutsen can ba ya niƙa acca yadda take so. Na zo daga ƙauyenmu bayan Samaru Kataf da ƙarfin noma, ina ji da kaina. Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ina gammonka?" Na nuna masa busasshen ganyen ayaba da na naɗe. Ya yi tsaki ya jefar da shi kan layi. Gammon ɗan dako da tsohon bargo ake yin sa, a naɗe shi tamau a ɗinke, ya zauna daidai tsakar kanka, kuma ba a aron sa, don kan kowa daban. Bayan gammo sai igiyar rama, wadda ba ta santsi ko hannu ya jiƙe da gumi. Sai takalmin taya mai maɗauri a dunduniya. Silifas ɗin nan da kuke ja a ƙasa, da da shi kuka zo mana, da tuni zumuntar matan majami'a ta yi muku waƙar bankwana.

Damina guda cur Baba bai bar ni na kusanci taragon fasinja ba. Can bayan tasha yake kai ni, inda ake jujjuya taragon kaya, ya ce in hau yana tafiya. Ka fuskanci inda jirgi ya nufa, ka yi gudu daidai da shi, hannu ya kama ƙarfe kafin ƙafa ta bar ƙasa. In na miƙa ƙafa kafin hannu, sai in ji igiya a gadon bayana. "Jirgi ba jakin ubanka ba ne," in ji shi, "ba ya sanin ka faɗi." Ina gemu-gemu da ni, ga mata a gida, ana zane ni a gaban masu sayar da gyaɗa. Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ga ni da ƙafafuna biyu har yau, akwai kuwa waɗanda muka fara tare da ba su kai Kirsimetin farko da nasu ba.

Aikin na mutum biyu ne, na ciki da na waje. Ni ne na ciki. Da an ce jirgi ya kusa, sai in taka zuwa sigina ta bayan gari, inda yake rage gudu, in ɗafe shi tun kafin ya shigo tasha. A ciki ba ka tambayar kowa ina zai sauka, ƙarya za a yi maka. Hannu kake kallo. Wadda ta fara ɗaure bakin ƙullinta, wanda ya fara lalubar takalminsa a ƙarƙashin benci, su ne 'yan Kafanchan. Sai ka matsa ka tsaya a kansu. Da mutum ya ɗaga, kafin bencin ya huce, ka shimfiɗa zane.

Zanen nan shi ne sirrin. Kafin in tafi sigina, fasinjarmu za ta kwance zane ɗaya daga kayanta ta ba ni, in namiji ne ya ba da na matarsa ko na uwarsa. A wancan zamani babu namijin da zai ɗora gindinsa a kan zanen matar aure. Hula za a ture, jaka za a sauke ƙasa, amma zane ba a taɓa shi. Na taɓa ganin wani ɗan kasuwa mai tumbi ya gwada, yana cewa shi ma ai tikiti ya saya. Matan taragon ne suka taso masa, da Hausa da yare da Turancin kasuwa, har wata ta tambaye shi ko haka ake yi wa zanen uwarsa. A tsaye ya ƙarasa tafiyarsa.

Da jirgi ya tsaya sai in leƙo ta taga in ɗaga hannu, Baba ya gan ni. Ƙofa ta masu sauka ce da masu kokawa, mu ba ruwanmu da ita tukuna. Tagogin tsofaffin taragon nan manya ne, a buɗe suke wayam. Ta nan adaka ke shiga, buhu ya bi, turmi ya bi, sannan yara. Ƙa'idar ke nan: yaro ta taga, uwa ta ƙofa, don kada a matse goyo a cikin turereniya. In kuma ƙofar ta cushe, ba wani abu ba ne, Baba zai durƙusa ya kafa baya, uwar ta taka, ni in jawo ta ta tagar. Har fasto mun taɓa cusawa haka, da kwalarsa da Littafinsa a hammata, yana ta faɗin, "Dattijo, a hankali, jama'a suna kallo!" Baba ya ce, "Fasto, ko jama'a ko taron fastocin da za ka, zaɓi ɗaya." Ya shiga da ka, ƙafafu a sama.

Fasinjoji iri-iri ne. Malaman makaranta sun fi kowa ba ni haushi: mutum da lema da jaka 'yar mitsitsiya, ya tsaya yana koya maka yadda za ka ɗauki akwatinsa, in an zo hawa kuma jiki na ɓari. 'Yan makarantar kwana ba su da nauyi sai surutu. Mata masu citta da zuma su ne 'yan gari, sun san aikin kamar mu. Amma waɗanda Baba ya fi ji da su matan soja ne. Bayan yaƙi kusan kowane gida a ƙasarmu yana da ɗa a barikin kudu, matan kuwa suna zirga-zirga, su zo gida girbi su koma da abinci. A cikinsu akwai Ladi, matar Kofur Ishaya, 'yar wani ƙauye ta wajen Kwoi. Tun tana amarya aka kawo ta hannun Baba, tana kuka, ba ta taɓa ganin jirgi ba, da ya yi huci ta ruga bayan tankin ruwa. Baba ne ya lallashe ta ya sa ta ciki. Daga nan duk zuwanta ba ta yarda kowa ya taɓa ko ƙullin daddawarta sai shi. Yana ce mata 'yata, tana ce masa Baba, tana kawo masa gwaza daga gonar uwarta.

Sai shekarar da aka ce kuɗi ya zo ƙasa, za a gyara jirgi. Tabɗi! Mun ga gyara. Aka shafe tasha da fenti, aka jera duwatsu aka yi musu farar ƙasa, aka dasa furanni a inda mata ke shimfiɗa tabarma su jira. Aka kwaso 'yan firamare suka tsaya a rana suna ɗaga tuta, wasu manya suka sauko daga mota, ku lura, daga mota, suka yi jawabi a kan amfanin jirgi, suka koma motarsu. Layin da ruwa ke cinyewa duk damina yana nan yadda yake. Jirgin da ake jira da hantsi sai rana ta karkata ya iso, wani lokaci sai washegari, in ya iso kuma ya ƙi tsayawa kamar da, wai yana rama lokaci. A kanmu ake rama lokacin.

Babbar kyautar da suka kawo mana ita ce sababbin tarago. Masu kyau, ba ƙarya, har ƙamshi suke yi. Amma an janye tsofaffin da yawa an kawo sababbin kaɗan. Sannan wani mai basira, can inda ake yi wa jirgi tsari, ya ce shiga ta taga rashin wayewa ne, yana ba ƙasa kunya a idon baƙi. Aka ba wani ɗan kwangila, ya bi tagogin taragon talakawa ya gindaya musu ƙarfe. Bai ƙara ƙofa ba, bai ƙara benci ba, bai ƙara tsayuwa ba. Mutumin da bai taɓa riƙe goyo a bakin jirgi ba shi ya yanke yadda mai goyo za ta shiga. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙulli yana wucewa, jariri yana wucewa in ka karkata shi. Adaka ba ta wucewa, babban mutum kuwa ko a mafarki. Duk jama'ar nan da kayansu suka koma ƙofa. Mai ƙarfi ya shiga, tsofaffi da mata su tsaya suna kallon bayan jirgi. A daidai lokacin kuma aka shimfiɗa kwalta, manyan motocin safa suka fara tsayawa a bakin kasuwa suna kiran kudu.

Baba ya rage karɓar kaya, don ba ya son ya karɓa ya ji kunya. Amma ranar da Ladi ta zo, bayan girbin dawa, da buhun acca da adaka da ɗanta na fari a baya, jariri ɗan watanni mai suna Bulus, ba yadda zai ce mata a'a. Tun safe take zaune, sai da rana ta take jirgin ya nuno kai. Na ɗafe shi a sigina, na kutsa, na samu rabin benci kusa da taga na shimfiɗa zanenta. Da na leƙo sai na ga tashar ta cika maƙil. Jirgin jiya bai zo ba, don haka fasinjan kwana biyu ne a tsaye, ga sojoji masu komawa daga hutu. Kafin ƙafafun jirgin su daina juyawa an riga an cushe ƙofa, wata adaka ta gicciye a ciki, na sauka ba su sauka ba, na hawa ba su hau ba.

Baba ya dubi ƙofar ya dubi goyon. Kwanaki kaɗan kafin nan an matse wani jariri a ƙofar nan har sai da aka yi ta yi masa fifita. Ya ce, "'Yata, kwance shi." Ta kwance ba musu, ai haka aka saba. Ya karkata yaron ya zura shi tsakanin ƙarafan, na karɓe shi, yana barci abinsa. Hannunmu ya yi abin da ya shekara yana yi. Sai da yaron ya shiga muka tuna cewa tagar da ta karɓi ɗa ba za ta karɓi uwa ba.

Suka nufi ƙofa, Baba a gaba yana buɗa hanya da kafaɗa. Ina! Ko allura ba ta shiga. Sai na ji usur ɗin gad, mai ba jirgi izinin tashi. Na ce ƙarya ne, ai yanzu muka tsaya. Jirgi ya yi kuka, tarago ya girgiza, yaron ya farka ya tsandara ihu ya sandare a hannuna. Ladi ta dawo tagar a guje tana dukan ƙarfen da tafin hannu: "Yaro na! Dogara, ba ni yaro na!" Ta yaya? Yaron da aka zura yana barci a karkace, yanzu yana harbe-harbe, jirgi kuma ya fara tafiya. In tura shi waje ya faɗi tsakanin tarago da dakali? Na rungume shi ina ihu a ja birki, ba mai ji na. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Nono yake sha, ba ya cin komai, tasha ta gaba da jirgin zai tsaya kuwa tana da nisa.

Abin da Baba ya yi, ta tsakanin ƙarfe na gani. Ya sunkuya ya shiga tsakanin ƙafafunta, ya ɗaga ta a wuya kamar buhu, ya kama gudu daidai da jirgin, mutum mai jikoki. Ya nufi ƙofar baya inda sojoji suka yi cincirindo a matakala, yana ihu, "Ku karɓe ta! Ɗanta yana ciki! Ku karɓe ta, don Allah!" Wani soja ya saki hannu ɗaya ya cafki damtsenta, wani ya kama rigarta, suka fizge ta sama. Idon Baba yana sama yana tabbatar ta shiga, bai ga dakalin tashar ya ƙare ba. Ina kallonsa, sai na daina ganinsa.

Ladi ta taho ta kan mutane, ta kan kaya, ba ɗankwali, ta karɓi yaron ta zauna a kan zanenta ta ba shi nono. Ba ta san abin da ya faru a bayanta ba, ni ma ban gaya mata ba. Buhunta da adakarta suna can Kafanchan. Na sauka inda jirgin ya fara tsayawa, na biyo jirgin kaya na dawo.

Ƙugun Baba ne ya karye. A kan tulin ƙarafan layi ya faɗa. Aka kai shi asibiti, daga baya 'yan uwansa suka kawo mai ɗori, ƙashin ya kama amma a karkace. Daga tabarma sai ƙofar ɗaki, da sanda. Wani ma'aikacin jirgi ya zo duba shi, ya tsaya daga bakin ƙofa yana cewa ai dama an hana gudu a bakin jirgi. Matar Baba ta bi shi da muciya. Ƙarfen tagogi kuwa yana nan, har aka sake yi masa fenti.

Ɗakinsa yana bayan tasha, yana jin kowane jirgi. Kullum in na dawo sai ya tambaye ni, "Yau akwai mutane?" In ce akwai. Da farko gaskiya ne. Sannu a hankali masu citta suka koma motocin gwangwaro, malamai suka koma safa, 'yan makaranta suka bi su. Wa zai kwana biyu a tasha ya kuma yi dambe a ƙofa, ga mota tana roƙonsa ya shiga? Ranar da na tsaya a sigina na ɗafe jirgi na tarar da benci ba kowa, ban san inda zan sa zanen ba, dariya ma ta kama ni. Sun so taragon da ba a shiga ta taga, sun samu. Ba a shiga ta ƙofar ma.

Ana gobe Kirsimeti, shekara ta zagayo, ina zaune wurin Baba da la'asar sai ga sallama. Ladi ce da mijinta, Bulus yana tafiya da ƙafarsa yana riƙe da gefen zanenta. Labari ya kai musu bariki. Suka ajiye galan na manja da doya, Kofur ya cire hula ya durƙusa, Ladi kuwa sai kuka. Baba ya ɗora yaron a cinyarsa mai lafiya yana wasa da shi, ya yi musu addu'a, fuskarsa ta yi haske yadda na daɗe ban gani ba. Can sai ya ɗaga kai.

"Af, 'yata, wa ya sauke ki? Tun jiya ina kasa kunne, ban ji na kudu ya shigo ba."

Ta sunkuyar da kai. Kofur ne ya amsa. "Baba, a mota muka zo. Tun ranar nan na ce iyalina ba za su ƙara shiga jirgi ba."

Baba ya shafa kan yaron. Sannan ya ce, "Ka yi daidai, ɗana. Ko ni ne haka zan yi."

Da suka tafi ya daɗe yana kallon ƙofa. Na tashi zan tafi sai ya ce, "Dogara, kana da mata da yara. In an gama biki kada ka koma sigina. Ka tafi tashar mota."

Na ce, "Baba, jirgin fa?"

Ya ce, "Wadda na karye dominta ma ta bar shi. Kai wa kake jira?"